Kasuwar da Ba ta da Rumfa: Sharhi kan Binciken Polly Hill game da Sana'ar Matan Kulle

A shekarar 1969 Baturiyar Ingila Polly Hill ta buga maƙala a mujallar Man kan ɓoyayyen ciniki a ƙasar Hausa, sannan ta faɗaɗa bayanin a littafinta Rural Hausa (1972). A Batagarawa ta Katsina ta yi binciken, amma wanda ya tashi a Tambuwal ko Kebbe zai rantse gidansu take siffantawa: mata suna cikin kulle, suna matsar man gyaɗa, suna suyar ƙuli-ƙuli, suna kirɓa fura, suna awon hatsi, yara kuma suna kai-komo da kayan talla. Hujjarta ita ce waɗannan gidaje, idan an haɗa su, cikakkiyar kasuwa ce.

A nan ta yi daidai, kuma har yau masu ƙididdiga ba su gama cim mata ba. Suna auna yawan matan da ke cikin ganiyar ƙarfinsu, 'yan shekara 25 zuwa 54, waɗanda ke aiki ko neman sa. Tun 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke lissafa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na sa'a ɗaya a mako a cikin masu aiki, don haka mai fura ta cancanci shiga. Sai dai tambayar kanta tana da tarko. A bakin Bahaushe "aiki" na ofis ne, abin da mace ke yi a ɗakinta "sana'a" ne. Idan mai ƙidaya ya tsaya a zaure ya tambayi maigida ko iyalinsa tana aiki, zai ce a'a, kuma bai yi ƙarya ba.

Inda Hill ta gaza shi ne ta kalli lamarin da idon tattalin arziki da al'ada, ba ta tono tushensa na fiƙihu ba. Me ya sa ribar ƙuli-ƙuli ta matar ce, har miji ya ci bashi a wurinta ya biya? Domin a Shari'a aure ba ya haɗe dukiyar ma'aurata, ciyarwa kuma tana wuyan miji ko da matar ta fi shi wadata. Aya ta 32 cikin Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabon abin da suka tsiwurwurta. A Mudawwana an nuna miji yana iya hana matarsa fita, amma ba ya iya hana ta kasuwanci. Shehu Halilu kuwa, a babin ciyarwa na Mukhtasar, ya ɗora wa matar da ba a wajabta a ɗaukar mata mai hidima ba ayyukan cikin gida irin su kwaɓa gari, shara da shimfiɗa, amma ya cire kaɗi da saƙa. Masu sharhi suka ce dalili shi ne waɗannan neman kuɗi ne, mace kuwa ba a wajabta mata nema wa miji ba. Ashe rabewar da masana ƙwadago ke ta fama da ita, tsakanin hidimar gida da aikin samu, tana cikin littafin da ake karantawa a zaurukanmu.

Gazawar tamu ta fi tata nauyi. Mun cika majalisu da muhawarar ko ya halatta mace ta fita aiki, alhali a gidaje da yawa jarin ƙosai ne ke riƙe da cefane, maigida ya sakar mata nauyin da Allah Ya ɗora masa ba tare da neman yardarta ba. Da wuya a ji wannan a mumbari.

Akwai kuma wadda ke biyan kuɗin wannan kasuwa. Enid Schildkrout, a bincikenta na Kano a shekarun 1970, ta nuna sana'ar matar kulle a kan ƙafar yara take tafiya, musamman 'yan mata. A littafin Nurul Albab Shehu Usmanu ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Tambuwal kuwa ribaɗin ɗansa Muhammadu Buhari ce. Yarinyar da ke tare motoci da faranti a bakin titin Sakkwato zuwa Jega da hantsi, lokacin da ake darasi, ba ta cikin 'yan shekara 25 zuwa 54, kuma ba a nemi shawararta ba.