Fuskar Windows 8 a Ma'aunin Masu Buga Takardu na Gyadi-Gyadi da Tarauni

A shekarar 2012 kamfanin Microsoft ya fito da Windows 8, inda ya cire maɓallin Start da aka saba da shi tun 1995, ya kawo fuskar da aka tsara domin taɓawa da yatsa. A ganinmu, kukan masu buga takardu a shagunan Gyadi-Gyadi da Tarauni, cewa sauyin ya rage musu sauri, yana bisa hujja. Da linzamin kwamfuta suke aiki, a kan kowane shafi ake biyansu, kuma yayin da suke laluben fayil janareto yana shan mai. Kamfanin da kansa ya maido da maɓallin a 2013. Wannan ya nuna mana cewa hannun mai aiki ne ma'aunin sauƙin fuska, kafin idon mai tsarawa.