Yadda Ake Saukar da Jirgin Sama a Kan Kogi

Jirgin ƙasa bai iso Nguru ba sai a 1930. Shekara huɗu kafin nan, wasu hafsoshin sojan ruwan Faransa biyu, René Guilbaud da Marc Bernard, sun riga sun biyo Kogin Kwara ta sama, tun daga Bamako har Lakwaja, kowanne da jirginsa da bakanikensa. Daga tafkin Berre da ke kusa da Marseille suka taso ranar 12 ga Oktoba 1926, da niyyar zuwa Madagaska. Turawan Ingila da suka sauka Kano da jirage uku ranar 1 ga Nuwamba 1925, ƙarƙashin Arthur Coningham, busasshen fili suka nema. Faransawan kuwa ruwa suke nema. Gangar jikin jirginsu kwalekwale ce ta katako, aka ɗora mata fikafikai biyu, ɗaya bisa ɗaya, aka kafa inji a tsakaninsu. A ƙarshen kowane fiffike na ƙasa akwai wata 'yar tangaran mai iska a ciki, wadda ke hana jirgin kifewa idan ya zauna a ruwa. Matuƙin irin wannan jirgi sana'a biyu ce a hannunsa, ta sama da ta ruwa, kuma mafi wuyar aikinsa yana daidai inda suka haɗu.

Mu ɗauko jirgin a zuci, mu kawo shi ruwan da muka sani, ko tafkin Nguru ko Kogin Yobe inda ya ratsa Gashuwa lokacin da ya cika ya batse. Mai zaman hira a bakin gada ya dubi kogi, ruwa kawai yake gani. Matuƙi kuwa ba ya sauka da isowarsa. Sai ya rage tsawo, ya kewaya wurin sau ɗaya ko biyu, ya leƙo da kansa yana karatu.

Abin da yake fara nema shi ne inda iska ta fito, domin jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska, ita ce ke rage masa gudun da zai taɓa ruwa da shi. A kogi babu tuta, babu hasumiya, babu mai gaya masa. To, sai ya dubi hayaƙin masu banda kifi, ya ga inda ya karkata. Ya dubi tsuntsayen da ke zaune a ruwa, dinya ko kirinjijiya irin waɗanda ke cika fadamar Dagona, domin tsuntsun ruwa ƙirjinsa yake ba iska. Idan iskar ta ɗan yi ƙarfi, takan ja wasu dogayen layuka na kumfa a fuskar ruwa. Layukan suna nuna hanyar da take bi, amma ba sa faɗin daga wane ɓangare ta fito. Wannan sai ya dubi gaɓa: gefen da iska ke fitowa, ruwan da ke jikin gaɓar yakan kwanta sumul, saboda tudu da itatuwa sun kare shi, ɗaya gefen kuma nan igiyoyi ke karyewa. Masuncin Bade ya san wannan tun yana yaro, sai dai shi daga cikin kwalekwale yake karantawa a tsanake, matuƙi kuwa daga sama, cikin gudun fiye da kilomita 100 a awa.

Sannan ya karanta launi. Ruwa mai duhu zurfi ne, wanda ya yi fari-fari ko ja-ja tudun yashi ne a ƙasa. Inda ruwa ke murɗawa a wuri ɗaya, akwai kututture ko dutse a ɓoye. Ya lura da turakun masunta da igiyoyin koma, da gorunan da ke yawo, da inda kacala ta cinye hanya. A Kwara da Binuwai na wancan zamani har dorina sai an duba. Katakon cikin jirgin siriri ne ƙwarai, don kada ya yi nauyi, kututture ɗaya ya isa ya farke shi daga ƙirji har wutsiya. Akwai kuma gudun kogin kansa. Kwalekwalen da aka ɗaure da igiya ɗaya yakan juya hancinsa wajen wanda ya fi ƙarfi, iska ko ruwa, don haka matuƙin da ya dogara da shi kaɗai zai iya ruɗuwa.

Abin mamaki, ruwan da ya fi kashe matuƙa shi ne wanda ya fi kyaun gani. Da sassafe, kafin iska ta motsa, tafki yakan kwanta har sama ta bayyana a cikinsa. A wannan hali ido ba ya iya auna tsawo. Mutum zai ɗauka saura ƙafa ashirin alhali ya riga ya iso, ya soka hanci a ruwa, ko ya ɗauka ya iso alhali yana sama, ya yanke wuta jirgi ya faɗo. Idan an ƙara da hazon hunturu irin na arewacin Yobe, wanda ke shafe iyakar sama da ƙasa, abin ya ƙara muni. Maganin da gwanaye suka gano shi ne matuƙi ya daina yarda da idonsa. Ya bi kusa da gaɓa domin itatuwa su zame masa ma'auni, ya ɗaga hancin jirgi kaɗan, ya bar inji da 'yar wuta, ya riƙa gangarowa sannu sannu. A yau ana koyar da cewa kada gangarowar ta wuce ƙafa 150 a minti ɗaya. Daga nan sai haƙuri. Ba ya ja, ba ya turawa, har sai ya ji ruwa ya shafi cikin jirgi, sannan ya rufe totur. Wasu sukan jefa wani abu daga sama, ko su sa mai kwalekwale ya ratsa wurin, domin ruwan ya yamutse ido ya sami abin kamawa.

Da ya zauna a ruwa, ya zama jirgin ruwa, kuma marar birki. Matuƙar inji na aiki tafiya yake, idan an kashe shi kuma iska ta kama doguwar jelarsa ta juya hancinsa wajenta, ta riƙa tura shi da baya. Gwani da wannan yake amfani: ya wuce inda yake so ya tsaya, ya kashe inji, ya bar iska ta dawo da shi. Bakanike yana gaba da anga da ƙugiya. Akwai kuma wani buhun tamfol mai buɗaɗɗen baki da ake jefawa a ruwa da igiya, ya cika ya riƙa jan jirgi baya. Idan aka jefa shi ta gefe ɗaya, jirgi ya juya ta wannan gefen.

Mutanen gari su taru a gaɓa su sha kallo su watse, aikin masu jirgi a lokacin ya fara. Fetur a garwa yake zuwa, kuma ba a zuba shi kai tsaye. Ana shimfiɗa wata fata mai laushi a bakin mazurari, fetur ya wuce, ruwa da datti su tsaya. Cokali ɗaya na ruwa a kafireto ya isa ya kashe inji a sama. Injin Guilbaud ƙirar Lorraine ne mai silinda 12, kowace da fulogi biyu, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Ana kwance su a goge. Ana duba lagireto, ana bin wayoyin da suka ɗaure fikafikai ɗaya bayan ɗaya ana jin taurinsu da yatsa, ana shafa bakin farfela a ji ko feshin ruwa ya ci katakonta. Da asuba kuma a kwashe ruwan da ya tsattsafo cikin jirgi, domin katako yana shan ruwa, kowane kwana a kogi nauyi yake ƙarawa.

Kafin a tashi akwai ɗamara, wadda yau kowa ke ɗaurawa ba tare da tunani ba. Ranar 20 ga Yuni 1913, wani ƙaramin hafsan sojan ruwan Amurka, William Billingsley, ɗan shekara 26, yana tuƙa jirgin Wright mai sauka a ruwa a sararin mashigin Chesapeake kusa da Annapolis, a tsawon ƙafa 1,600. Iska ta fizgi jirgin ya dungura, shi kuwa zaune yake a fili, ba abin da ya riƙe shi, sai ya faɗo. Abokin tafiyarsa John Towers ya rungumi wani sashen jirgin, suka faɗo tare da shi cikin ruwa, ya ji ciwo amma ya rayu. Billingsley ne matuƙi na farko da rundunar ruwan Amurka ta rasa a hatsarin jirgin sama, kuma bayan mutuwarsa ne ta sa ɗamara a jiragenta. Daga baya aka sa wa wani jirgin ruwa na yaƙi sunansa.

Tashi ya fi sauka neman ƙarfi, domin ruwa ba ya son sakin abin da ya manne masa. Duk wanda ya taɓa kifa ƙwarya a kan ruwa ya fizgo ta ya ji wannan riƙon. Saboda haka maƙera suka yanka wani mataki a ƙarƙashin jirgin, wajen tsakiya, inda katakon baya ya ɗan ɗaga sama da na gaba, don iska ta shiga ta raba jirgi da ruwa. Matuƙi ya fuskanci iska, ya ja sandar tuƙi jikinsa, ya buɗe totur duka. Hanci ya ɗaga, jirgi ya riƙa tura tulin ruwa a gabansa, inji na kuka, gudu kaɗan. A nan ake gane hannu. Da ya ji hancin ya kai iyakar ɗagawarsa, sai ya sassauta sandar a hankali, jirgi ya hau kan tulin, ya kwanta a kan matakin nan, ya fara sulɓi da ɗan abin da bai fi faɗin tabarma ba yana taɓa ruwa. In ya sassauta da yawa, hanci ya nutse. In bai isa ba, jela ta ja ruwa. Kowanne daga ciki zai iya sa jirgi ya fara sukuwa, hanci sama hanci ƙasa, kowane tsalle ya fi na baya, har ya wargaje idan ba a yanke wuta ba.

Ƙasarmu ta ƙara wa matuƙi wata matsala. A zafin bazara irin na Nguru, da ke wuce digiri 40, iska takan yi shara-shara, inji ya rasa ƙarfi, fiffike ya rasa abin takawa. Ruwan daɗi kuma bai kai na teku ɗaukar nauyi ba, jirgi ya fi nutsewa a cikinsa. Dabara ita ce a tashi da sanyin safiya, amma da safen ne ruwa ke kwance yana riƙo. Sai matuƙi ya yi kewaye a ruwan ya tayar da igiyoyi da kansa, sannan ya dawo ya ratsa su, su ɓamɓare shi.

Duk da wannan kula, injin Guilbaud ya lalace a Lakwaja. Bernard ya wuce, ya isa Majunga a Madagaska ranar 21 ga Nuwamba 1926. Guilbaud ya yi makonni yana jiran sabon inji. Da aka kawo, ya ci gaba ta tsakiyar Afirka, ya biyo Kogin Nilu ya koma gida a watan Maris 1927, bayan tafiyar fiye da kilomita 22,000.

A watan Mayu 1928 jirgin balan-balan na Umberto Nobile, mai suna Italia, ya faɗi a kan ƙanƙara can ƙuryar arewacin duniya. Faransa ta ba da jirginta Latham 47 don a je ceto, Guilbaud ne matuƙi. Ranar 18 ga Yuni suka tashi daga Tromsø a ƙasar Norwe su shida, har da shahararren matafiyin nan Roald Amundsen da wani hafsan sojan ruwan Norwe, Leif Dietrichson. Ba a sake ganinsu ba. Guilbaud yana da shekara 37. Bayan watanni teku ta turo tangaran ɗaya ta ƙarshen fiffike, sannan tankin mai. A jikin tankin an ga alamar hannu, an toshe wata kafa da katakon da aka fiƙe. Wasu masu bincike sun fahimci cewa jirgin ya sauka a teku da mutanensa a raye, tangaran ɗin ta ɓalle, suka ciro tankin suna ƙoƙarin ɗaura shi a madadinta don kada fiffiken ya nutse. A 2009 sojan ruwan Norwe sun bi ƙasan tekun kusa da tsibirin Bjørnøya da na'ura mai nutso, ba su sami jirgin ba.