Mutum da Kare a Dajin Ƙanƙara

Littattafan Turawa suna cike da labarun mutumin da daji ya rutsa da shi, daga shi sai karensa. Galibinsu hanya ɗaya su ke bi. A kan nuna mutum jarumi wanda ba ya gudu ba ya ja da baya, a nuna kare mai amana ya fid da shi daga halaka, sa'an nan a rufe da murna. Mai karatu ya ji daɗi, amma ba ya ƙaruwa da kome game da abin nan da a ke kira tsoro. Akwai wani gajeren labari da ya saɓa wa wannan hanya, shi mu ke so mu duba a nan. Sunansa To Build a Fire, watau hura wuta. Wani Ba'amurke, Jak Landan, ya rubuta shi, aka buga cikin 1908.

Kafin mu shiga labarin ya kamata a san inda marubucin ya samo shi. Cikin 1896 aka gano zinariya a wani wuri da a ke kira Kulondaik, a ƙasar Yukon, can arewa maso yammacin Kanada. Da labari ya bazu mutane wajen dubu ɗari suka ɗunguma, amma waɗanda suka kai ba su cika rabi ba. Landan yana cikin waɗanda suka tafi a 1897, yana da shekara 21. Ya yi hunturu guda a can, ya kamu da ciwon nan da rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ke kawowa, wanda ke kumbura dasashi. Ya komo gida a 1898 ba tare da wata zinariyar kirki ba. Abin da ya komo da shi shi ne sanin sanyi, irin sanin wanda ya ji a jikinsa.

Sau biyu ya rubuta wannan labari, wannan kuwa abin lura ne ƙwarai. Na farko ya fito a wata mujallar samari cikin 1902. A ciki mutumin yana da suna, ba shi da kare, ya sha wuya amma ya tsira, ya ɗauki darasi. Labari ne na horon yara, ba laifi, ba kuma abin a zo a gani. Bayan shekara shida ya sake shi. Ya cire wa mutumin suna, ya ƙara tsananin sanyin, ya haɗa shi da kare, ya kuma bar shi ya mutu. Na biyun nan shi duniya ta riƙe. Ni a ganina shigowar karen ita ta ɗaga labarin, don da shi ne mai karatu ya sami ma'aunin da zai auna mutumin.

Ga yadda abin ya ke. Wani baƙo a ƙasar, wanda wannan ne hunturunsa na fari, ya kama hanya a ƙasa shi kaɗai zuwa sansanin abokansa, yana lissafin zai isa da ƙarfe shida na yamma. Rana ba ta fitowa a wannan lokaci na shekara. Ya tofa yawu, sai ya ji ya yi ƙara ya daskare tun bai kai ƙasa ba. A ma'aunin da Amurkawa ke aiki da shi ruwa kan daskare a kan 32. Ran nan sanyi ya kai 75 ƙasa da sifiri, watau 107 ƙasa da inda ruwa ke zama dutse. Shi kuwa yana tsammanin bai wuce 50 da 'yan kai ba. Wani tsoho wanda ya daɗe a ƙasar ya riga ya gargaɗe shi, ya ce in sanyi ya wuce 50 kada kowa ya yi tafiya ba abokin tafiya. Ya ji, ya bar maganar a inda ya ji ta.

To, a nan ne Landan ya jera su biyu. Mutumin yana da lissafi, ya san mil nawa ya ke yi cikin sa'a, ya san lambar sanyi, yana lura da kowace alama a hanya. Abu ɗaya ya rasa, lambar nan ba ta taɓa zuciyarsa ba. Karen bai san lamba ba, amma wutsiyarsa a ƙasa ta ke, yana bin ubangijinsa a takure, ko yaushe yana duban ko za a tsaya a hura wuta. Jikinsa ya gaya masa yau ba ranar tafiya ba ce. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Karen ya kai tsoronsa inda ya dace. Mutumin kuwa ya ɗauko kunyar gida ya kawo daji, yana ganin in ya saurari tsoho ya zama rago.

Kada mai karatu ya zaci akwai ƙauna tsakaninsu. Wannan shi ne wurin da na fi yaba wa marubucin, don bai yi mana ƙarya ba. Karen bawa ne, abin da ya sani daga mutumin nan bulala ce da tsawa. Akwai idanun ruwa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara waɗanda ba su daskarewa, wanda ya taka ya jiƙe. Da mutumin ya yi shakkar wani wuri sai ya tura karen gaba. Karen ya burma, ya fito, nan da nan ya kwanta yana cizge ƙanƙarar da ta kama tsakanin yatsunsa. Ba wanda ya koya masa. Da suka gama cin abincin rana aka tashi, karen bai so barin wuta ba, kuma ba don tausayin ubangijinsa ya ke waiwaye ba, don kansa ya ke yi.

Sai ƙaddara ta faɗa wa mutumin a wurin da ba wata alama. Ya burma har kusa da gwiwa. Ya san ƙa'ida: wanda ya jiƙe ƙafa a irin wannan sanyi lalle ya hura wuta nan take, kuma kada ta farko ta ƙi. Ya hura, ta kama. Har ya yi murmushi yana cewa a ransa tsofaffin nan wasunsu zuciyar mata gare su. Ashe a gindin itace ya hura ta, don ya fi sauƙin tsinko ƙirare. Duk reshen da ya ja itacen na girgiza, har dusar da ta taru a sama ta zubo gaba ɗaya ta kashe wutar.

Daga nan ne tsoro ya zo masa, amma ya zo a makare. Landan ya daɗe a wannan wuri, bai yi gaggawa ba, ya bi yatsun mutumin ɗaya ɗaya. Sun mutu, ba su iya riƙe ƙwayar ashana. Sai ya duba da ido ya ga ko ya kama abu, don hannu ba ya gaya masa. Ya ɗauki ashana da haƙori. Daga ƙarshe ya matse duka saba'in tsakanin tafukansa ya ƙyasta su lokaci guda, yana jin ƙaurin namansa na ƙonewa, bai saki ba sai da ɓawon itace ya kama. Wannan dauriya ce ta gaske, ba mai musu. Duk da haka hannun da ke rawa ya watsa 'yar wutar. Abin da labarin ke nunawa a nan mai ɗaci ne: dauriyar da ya yi a sa'a guda ta fi ƙarfin yawancin mutane, amma ba ta biya bashin tsoron da ya ƙi ji da safe ba.

Sa'an nan ya dubi karen, ya tuna an ce wani ya taɓa kashe sa ya shiga cikinsa ya tsira. Ya yi niyya ya farke karen ya tura hannuwansa ciki. Ya kira shi. Karen ya ji wani abu a muryar da bai saba ji ba, ya ƙi zuwa. Sai da mutumin ya miƙe tsaye ya daka tsawa irin ta kullum ya matso. Ya rungume shi, amma ba hannun da zai zaro wuƙa, dole ya sake shi. Dubi abin mamaki. Karen da ya jure wa bulala shekara da shekaru, lallashi ne ya firgita shi, don ya ji tsoron ubangijinsa a ciki.

Akwai inda na ke ganin Landan ya gaza. Tun a farkon labarin ya tsaya ya gaya mana ainihin aibin mutumin, cewa ba ya zurfafa tunani a kan abin da ya ke gani. Da ya bar mu mun gano da kanmu da ya fi. Haka kuma ya kan katse labari ya yi mana wa'azi a kan ilhamar dabba da gadon kakanninta, alhali wutsiyar karen ta riga ta faɗi duk abin da a ke bukata.

Amma wannan ƙaramin laifi ne in aka gwada da abin da ya yi a The Call of the Wild, watau kiran daji, littafinsa na 1903 wanda ya fi suna. A can wani kare ne, Bak, aka sato daga gidan wani alƙali a Kalifoniya aka sayar da shi don jan kaya a kan ƙanƙara. Farkon littafin yana da kyau, musamman inda wani mutum ya hore shi da kulki har ya koyi cewa akwai abin da ba a tunkara. Daga baya sai karen ya zama sadauki irin na tatsuniya. Ya ja kaya mai nauyin laba dubu shi kaɗai, ya fid da ubangijinsa daga kogi, ya karkashe mutane, ya zama shugaban kyarketai. Tsoro ya fita daga labarin, da ya fita kuwa sai gabanmu ya daina faɗuwa, don mun san ba abin da zai same shi. A 1907 Shugaban Amurka, Rusbelt, wanda shi kansa maharbi ne, ya zargi Landan da wasu marubuta da ƙaga wa dabbobi abin da ba su yi. Landan ya mai da martani a 1908, shekarar da labarin wutar ya fito. Karen wannan labari dai ba inda za a kama shi da ƙarya.

Saura ƙarshen mutumin. Da ya tabbata mutuwa ce sai ya ruɗe, ya sheƙa da gudu a kan ƙafafun da ba ya ji, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Karen na biye da shi, lafiya lau, har ganin lafiyarsa ya ba shi haushi ya zage shi. Wannan ruɗewa ba ita ce tsoron kare ba. Na kare kan zo tun da sauran dabara, ita kuwa ta zo bayan dabara ta ƙare. Daga baya ya ga wautar gudun, ya zauna, ya yanke shawara zai karɓi abin da ya zo da mutunci. Barci na ɗaukarsa ya ga fuskar tsohon nan, ya amsa cewa shi ke da gaskiya. In akwai jaruntaka a labarin nan ban da ta ashana, to, wannan zama ne, ko da ya ke ba wanda ya gani balle ya ba da labari.

Karen ya zauna yana jira a hura wuta, don bai taɓa ganin mutum ya zauna haka cikin dusar ƙanƙara ba wuta ba. Da duhu ya yi ya matso, ya sansana, ya ji warin mutuwa, gashinsa ya tashi, ya ja da baya. Ya ɗan yi kuka a ƙarƙashin taurari, sa'an nan ya juya ya bi hanyar sansanin da ya sani, inda akwai waɗansu masu abinci da wuta.