Jinjina ga Malaman Tarihi na Makarantun Gwamnati a Kano

Malaman Tarihi na sakandaren gwamnati a birnin Kano sun cancanci a tsaya a yaba musu. Ajinsu cike yake maƙil, littattafai ba sa isa, amma da alli da allo suke ɗora yaro a kan hanyar sanin ƙasarsa. Ko a shekarun da aka cire darasin daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, tun daga 2009, ba su yar da shi ba. Sun riƙe shi a manyan azuzuwa har gwamnati ta dawo da shi.

Gwanintarsu ita ce mayar da birnin kansa aji. Sukan kai ɗalibai Gidan Makama, su hau da su Dutsen Dala, su nuna musu ragowar badala da Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Daga nan sai su ja zaren labari: jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, shigowar Turawa Kano a 1903, haɗe Kudu da Arewa a 1914, samun 'yancin kai a 1960. Ta haka ne ɗan Fagge ya san Benin da Oyo da Borno, ya gane cewa yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 darasi ne na kowa.

Iyaye da hukumomi, a saya musu littattafai da taswirori, a ɗauki nauyin ziyarce-ziyarcen ɗalibansu.