Dami a Gaban Bagade: Godiyar Kaka a Ikilisiyoyin Arewa

Tsakanin Oktoba da Disamba, da wuya ka sami ikilisiya a Filato, Kudancin Kaduna ko Adamawa da ba ta keɓe Lahadi guda don godiyar kaka ba. Rukuni-rukuni ake shigowa da rawa: 'yan Zumuntar Mata cikin ankonsu suna buga tulu, matasa da nasu layin, dattawa a baya. Kafin a tashi, gaban bagade ya cika da damin dawa, doya, kwaryar acca, kaji ɗaure da ƙafa, wani lokaci har da akuya mai katse wa fasto addu'a.

Kyawun al'adar shi ne abin da gonarka ta ba ka shi za ka kawo. Manomin da sai ya kai hatsi kasuwa kafin ya ga naira, a ranar nan bai fi ma'aikacin gwamnati jin kunya ba, don hannunsa ba wofi yake ba. Da irin wannan baiko aka raini ikilisiyoyin nan tun ba su da attajirai. Ikilisiyar ECWA ta kafu ne a 1954, amma tun 1948 aka kafa ƙungiyar bisharar da yau ake kira EMS, masu bi suna tura 'yan'uwansu ƙauyuka da abin da suka tara da guminsu.

Inda abin ya fara karkata shi ne wajen gwanjo. Bayan sujada sai mai shela ya ɗaga doya guda, a yi ta tayi har ta kai kuɗin buhun masara, a kira sunan mai saye, a tafa. Ban ce gwanjo laifi ba ne. Ai kwanon rufin coci ba kyauta ake ba da shi ba. Amma gwauruwar da ta kawo mudun gyaɗa tana zaune tana kallo, kuma ta gane wanda ake yi wa tafi. A Markus sura 12 irinta Yesu ya yaba, ya bar masu zuba manyan kuɗi.

Sai kuma batun amana, wanda a ganina ya fi komai sa mutane noƙe hannu. Ana yawan wa'azin zakka daga Malachi sura 3, ba kasafai ake buɗe 2 Korintiyawa sura 8 ba, inda Bulus ya yarda ikilisiyoyi su zaɓi wanda zai raka gudummawar da aka tara wa tsarkaka, don kada kowa ya sami abin zargi. Manzo guda ke nan bai ce a yarda da shi ido rufe ba.

Dattawan ikilisiya, kafin ku sake cewa jama'a sun yi rowa, ku sa ma'aji ya tashi gaban taro ya karanta abin da ya shigo bara, nawa aka tura gunduma, nawa ya tafi gini, nawa kuma ya isa hannun gwauraye da marayu.