Shahara da Amana: Tarke a kan Gidauniyoyin Binciken Magani da Fitattun Mutane Ke Jagoranta

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi tarken wata al'ada da ke daɗa samun gindin zama a ƙasar Hausa, watau sa mawaƙi ko ɗan wasan kwaikwayo ko wani fitaccen mutum a gaban gidauniyar neman taimako don sha'anin lafiya. Za mu dubi lamarin ne da idon mutumin birnin Zariya, mazaunin Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma. Tambayar da muke son amsawa ita ce: shin ƙaunar da jama'a ke yi wa fitaccen mutum ta isa ta sa su amince masa da dukiyarsu, musamman idan an ce za a kashe ta ne a kan bincike, ba a kan jinyar wani majinyaci da suke gani ba?

2.0 Asalin Dabarar

Wannan dabara ta fi bunƙasa ne a Amurka. A 1938 Shugaba Roosevelt, wanda shi kansa gurgu ne, ya kafa gidauniyar yaƙi da shan inna, kuma ɗan wasan barkwanci Eddie Cantor ya roƙi jama'a ta rediyo su riƙa aiko da sulalla. Da irin wannan kuɗi aka ɗauki nauyin aikin Jonas Salk, wanda aka gwada allurarsa a 1954, aka kuma bayyana nasararta a 1955. Gidauniyar ta tallafa wa Albert Sabin ma, mai maganin ɗigawa a baki wanda ake bi gida gida da shi a lungunan Zariya. Haka nan a 2014 wasan sheƙa ruwan ƙanƙara a ka, wanda taurari suka yayata ta intanet, ya tara wa wata ƙungiyar Amurka dala miliyan 115 don binciken wata cuta mai kashe jijiyoyi.

Sai dai kuma akwai ɗaya gefen. Lance Armstrong, gwanin tseren keke, ya kafa gidauniyar taimakon masu ciwon daji a 1997. A 2012 ya sauka daga shugabancinta, a 2013 kuma ya amsa cewa yana shan ƙwayoyin ƙara kuzari, kuma abin da gidauniyar ke samu ya ragu ƙwarai. A Ingila, Kyaftin Tom Moore ya tara fiye da fam miliyan 30 don asibitoci a 2020, amma a 2024 hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta sami iyalinsa da laifin cin moriyar wata gidauniya dabam da aka kafa da sunansa. Abin lura a nan shi ne, inda aka ci nasara akwai tsayayyar hukuma a bayan fuskar tauraron, wadda ke riƙe kuɗi, ta zaɓi masu bincike. Inda kuwa gidauniya ta dogara ga sunan mutum ɗaya, duk abin da ya taɓa sunan sai ya taɓa ta.

3.0 Roƙo da Matsayin Maroƙi a Zazzau

Da dabarar ta iso mana, sai ta tarar da wata tsohuwar al'ada, ta shiga rigarta. M. G. Smith, wanda ya yi nazari a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya buga maƙala a 1957 a kan roƙo, inda ya nuna cewa aikin maroƙi shi ne bayyana darajar mutane a bainar jama'a, a biya shi da kyauta. Mu a nan abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yanayin ita kyautar. Wanda ya ba makaɗi riga ko doki ya riga ya karɓi abin da ya saya, watau yabo, nan take. Ba a taɓa jin ya koma bayan wata shida yana tambayar yadda aka yi da dokin ba, domin yin haka abin kunya ne.

Idan muka dubi bikin ƙaddamar da gidauniya, za mu ga fasalinsa ɗaya ne da wannan. Akwai babban baƙo da mai ƙaddamarwa, akwai sanƙira mai shelar abin da kowa ya bayar, akwai kiɗa da kirari. Da an ambaci sunan attajiri an tafa, to ciniki ya faɗa a wurinsa, ko ya cika alkawari ko bai cika ba. Nan ne babban aibin tsarin yake: an ɗauko sigar kyauta, wadda ba a binta da tambaya, an ɗora wa dukiyar da ajiya ce, wadda dole a ba da bayaninta.

Ba muna nufin cewa masu fasaha ba su da mutunci ba ne. Jami'ar Ahmadu Bello da kanta ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Abin da muke cewa shi ne Bahaushe ya bambanta shahara da amana. A cikin halayen mutumin kirki da Kirk-Greene ya jera a 1974 akwai gaskiya da amana da mutunci, amma babu yin suna. Suna yakan tara taro, amana kuwa sai da zama tare da gwaji.

4.0 Matsalar Kalmar Bincike

Matsala ta biyu ta shafi abin da ake tara kuɗin dominsa. Lokacin da wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a watan Agusta na 1923 da shekara ɗari, watau 2023, ba a sha wahalar bayyana wa kowa dalilin neman gudunmawa ba. Gini abu ne da mai bayarwa zai ratsa ta Ƙofar Fada ya gani, kuma gani ya kori ji. Bincike kuwa yakan ɗauki shekaru, yana iya ƙarewa ba a sami magani ba, ba tare da an ci ko kwabo ba. Mawaƙi ba zai iya faɗin haka a dandali ba, domin harshen waƙa na kambamawa ne, saboda haka sai ya yi alkawarin waraka. Ranar da waraka ba ta zo ba, jama'a za su ce an cuce su.

Bugu da ƙari, kalmar gwajin magani tana da tabo a Arewa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, kuma iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Yadda aka shawo kan wannan ƙiyayya darasi ne a gare mu. Gaskiya ne taurari sun taimaka, alal misali Sani Danja ya yi wa ƙungiyar Rotary jakadanci. Amma lamarin ya fi sauyawa ne daga 2009, da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya shigo da sarakuna cikin aikin, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka riƙa raka ma'aikata. Tauraro ya kai labari kunnen mai gida, amma wanda ya sa ya fito da 'ya'yansa zaure shi ne mai unguwa da liman, mutanen da zai iya tuhuma gobe. A 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka.

5.0 Kammalawa

Ba mu ce a daina gayyatar fitattun mutane ba. Bukata tana da yawa: an ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar sikila a Nijeriya kowace shekara, ga kuma Asibitin Koyarwa na Shika da masana a bakin ƙofarmu. Shawararmu ita ce a raba aiki. Tauraro ya yi kira, amma kada kuɗi ya bi ta hannunsa ko asusunsa. Amintattu daga fada da malamai da likitoci su riƙe dukiyar, su kuma riƙa karanta lissafinta da Hausa a rediyo da masallatai: abin da aka yi alkawari, abin da ya shigo, da abin da aka kashe. Masu bincike kuma su shigo gari su faɗi abin da suka gano da wanda ya gagare su. Idan ba a yi haka ba, kowace gidauniya da ta watse za ta tafi da wani yanki na yardar jama'a, kuma marasa lafiya ne za su biya wannan bashi.