Sarauniyar Lugu a cikin silima

A daren kasuwa da ya wuce mun kalli wani silima da ɗaliban ajinmu na yaƙi da jahilci. Mun aro talabijin da batir, muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar aji. Sunan siliman Sarraounia, wato Sarauniya. Ga abin da na gani, ga kuma abin da ya dame ni.

Bari in fara da labarin. A shekarar 1899 wasu sojojin Faransa biyu, Kaftin Vule da Shanwan, suka ratso ƙasarmu daga yamma, sun nufi tafkin Cadi. Suna tafe da sojoji baƙar fata da ƴan dako masu yawa. Garin da suka shiga sai wuta, sai kisa, sai kwasar hatsi. A watan Afrilu suka iso Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi. Nan Sarauniya Mangu da mutanenta suka ƙi mika wuya, suka tare su da kwari da baka. A watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, suka yi ɓarnar da har yau ba a manta ba. Da labari ya kai Faransa aka aiko Kanar Klob ya tsai da su. Vule ya sa aka harbe shi. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu suka juya musu, suka kashe su duka biyu. Kaburburansu suna Maijirgi, kusa da Tasawa.

Wani ɗan ƙasarmu, Abdullahi Mamani, ya rubuta littafi da Faransanci kan wannan labari a 1980. Daga littafin ne Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya yi silima a 1986. A 1987 siliman ya ci babbar kyautar bikin silima na Wagadugu.

Gaskiya, aikin ya yi kyau. Dawaki, ganuwa, ƙura, maharba, duk sun cika ido. Matar da ta fito a Sarauniya, Ai Kaita, ba ta yawan magana, amma in ta dubi mutum sai ka ji kwarjini. Lokacin da ta tsaya gaban mayaƙanta, matan ajinmu suka rangaɗa guɗa, har jarirai suka farka. Na kuma yaba yadda aka nuna sojojin Vule. Baƙar fata ne kamarmu, su ne ke riƙe da bindiga, su ne ke cinna wuta. Siliman bai ɓoye wannan ba. Wani tsoho da ke kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, ashe da hannun ɗan uwa aka yi mana." Ban sami abin ce masa ba.

To, ga abin da ya dame ni. Sarauniyar nan ba ta jin Hausa! A Burkina Faso aka ɗauki siliman, ba a nan ba. Ƴan wasan suna magana da Julanci da Fulatanci da Faransanci. Ni ne na zama tafinta. Ina karanta rubutun Faransanci da ke ƙasan hoto, ina juyawa da ƙarfi, har muryata ta dushe. Wata dattijuwa ta tambaye ni, "Malam, wannan Sarauniyar ta wace ƙasa ce?" Na ce ta Lugu ce, Inna. Ta ce, "To me ya hana ta yi maganarmu?" Ku duba fa. Mace ce ta Arewa, kakanninta da namu harshe ɗaya, amma sai da tafinta jikokinta suka ji ta. Kirari, habaici, karin magana, waƙar maharba, duk abin da ke sa tsikar jikin Bahaushe ta tashi, babu shi. Ba na zagin Med Hondo. Ya yi inda ya sami hali, kuma ba don shi ba da ƙasashen duniya ba su ga fuskar labarin nan ba. Amma rashin yana nan.

Abu na biyu, da aka wuce tsakiya sai Sarauniya ta yi wuyar gani. Ido ya koma kan Vule: fushinsa, haukarsa, yadda ya ce shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa tasa sarauta. Wasan ya yi daɗi, amma mun zo ganin Sarauniya ne, sai muka daɗe muna kallon Nasara.

Kada kuma mu ɗauka duk abin da ke cikin silima haka ya faru. Mai littafi ya ƙara nasa, mai silima ma ya ƙara nasa, don labari ya yi armashi. Abin da aka tabbatar shi ne an gwabza a Lugu, Turawa sun yi hasarar mutane, Sarauniya da jama'arta suka janye cikin daji, ba a kama ta ba. Sauran yana bakin tsofaffi.

Shi ya sa washegari na ba ɗalibai aiki. Kowa ya je wurin tsohon gidansu ko na unguwa, ya tambaye shi abin da ya ji daga iyayensa game da zuwan Nasara, ya rubuto layi biyar da Hausa. Mutum tara suka kawo. Wani ya rubuto yadda aka ɓoye hatsi cikin rami. Wata ta rubuto sunan rijiyar da kakarta ta ce an daina shan ruwanta tun wancan zamani. Rubutun akwai kurakurai, wasu sun manta da ƙugiyar ƙ da ɗ. Mun gyara tare a allo, na haɗa takardun na ɗinke su da zare.